Hannun Tudun Kaya a Bangon Faransa

Tudun Kaya, Karaye.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya a gidan Gwaggonka a Kano kafin ka hau jirgi. Allah Ya tsare ka a sama, Ya tsare ka a ƙasa, Ya sauke ka a Faransa cikin mutanen kirki, Ya ba ka abin da ka je nema, Ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Amin.

Labarin gida ba zan ba ka ba, jiya-jiya ka bar shi, akuyar da ka bari tana ɗingishi har yanzu ɗingishin take yi. Na zauna rubutu ne saboda ranar tafiyarka gida ya cika da masu sallama, ni kuma ba na iya doguwar magana a gaban jama'a. Da mahaifiyarka ta ji na faɗi haka sai da ta ajiye tankaɗen da take yi don dariya, wai in dai zancen Faransa ne ko jaki na samu sai na tsayar da shi na ba shi labari. To, ta yi ta dariyarta. Ni dai na san yankin da na je za ka, kuma ka ce mini makarantarku za ta riƙa zagayawa da ku tsofaffin gine-ginen ƙauyukan wurin duk ranar Asabar. Mu ma haka aka yi mana a farkon shekarun tamanin, lokacin da aka ɗauke ni daga aikin malamin dabbobi a Rogo aka tura ni kwas ɗin kiwon shanun madara. Abin da aka koya mini a aji rabinsa ya bi iska. Wautar da na tafka a waɗannan Asabar ɗin kuwa ko ɗaya ba ta bar kaina ba.

Kafin in shiga labari bari in ajiye abin da ke cina a fili, kada ka ce na zagayo maka ta baya. Maganar zaure ce. Na ba ka gaban gidan nan ka yi gininka, a gaban Baffanka Iro na ba ka. Da ka ce, "Baba, zauren nan ya gaji, kada a ƙara wahalar yi masa yaɓe bana, in na dawo zan ture shi in sa get ɗin mota," na ce maka to. Na faɗa, kuma ba na janyewa. Bulon da ka tara yana nan a jere, ba mai taɓa shi. Sai dai ka sani bangon gabas ya tsage, nan ne kuma hadari yake duka. In ba a yaɓe shi kafin ruwan farko ba, ba zai jira ka dawo ka ture shi ba, damina za ta yi maka aikin. Saboda haka daga yanzu zuwa bazara magana tana hannunka, a yaɓe ko a bari. Ban ce ka amsa yau ba. Ka je ka ga abin da na gani tukuna.

Wautata ta farko ita ce ƙin sauka daga mota. An sauke mu a wani ƙauye ne a kan tudu, gidajensa duk na dutse. Sunansa yana bayan hoton da na sako maka, kada ka sa ni faɗinsa, harshena bai taɓa yarda da shi ba. A cikinmu akwai wani mutumin Maraɗi, Isufu, shi ma malamin dabbobi, dogo, mai tsiyar bala'i. Shi ne kunnena shi ne bakina, domin ya iya Faransanci, ni kuwa daga "na gode" sai murmushi. Mai zagayawa da mu wani tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, sunansa Farnan, gajere mai jan hanci, kullum da sandarsa da wata hula shimfiɗaɗɗiya kamar faifai.

Asabar ta farko mota ta yi ta hawa da mu har ta tsaya a gindin wani ƙaton gini, rabinsa babu rufi, ciyawa ta tsiro a kan bango. Wai gidan sarkin yaƙin wurin ne tun zamanin takobi da sulke. Na leƙa ta taga na ce, "Isufu, yanzu fisabilillahi kango aka kawo mu gani? Na baro kango a ƙauyen Gwangwan, na hau jirgi, a kawo ni kango?" Ya ce, "Malam Sale, sauko dai." Na ce ko kusa. Kowa ya fita, ni kuwa na buɗe kwanon dambun naman da mahaifiyarka ta yi mini guzuri, ni da direba muka far masa, yana ci yana ɗaga mini babban yatsa.

Da suka dawo ba wanda bakinsa yake rufuwa. Isufu ya zauna kusa da ni ya fara jero mini, da gangan, a hankali, don ya ƙona mini rai. Wai akwai rijiya da aka fafe cikin dutse, ka jefa tsakuwa sai ka gaji da jira kafin ka ji ta taɓa ruwa. Akwai ɗakunan ajiye hatsi na ranar da abokan gaba suka tare hanya. Sannan akwai filin da ake koro shanun ƙauyen gaba ɗaya a rufe in mahara sun taso, da kwamin shan ruwansu na dutse, har bakinsa ya siɗe saboda gogar wuyan shanu. Abba, ni malamin dabbobi, an nuna wa mutane garken da ya shekara ɗaruruwa, ni ina mota ina suɗe yatsa! Ranar ko abincin dare bai yi mini daɗi ba. Don haka duk inda mota ta tsaya, ka sauka. Ko tulin duwatsu ka hango, ka sauka ka tambaya waye ya tara su, me ya tsorata shi ko me yake so ya adana. Daga taga komai kango ne.

Asabar ta gaba aka ce za a koma a hau hasumiyar wannan gini. Na ce yau za su san an zo da mutumin Karaye. Na ciro babbar rigata ta Sallah mai sitaci, da hula ƙube, da sabon takalmi mai santsin ƙasa. Isufu ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗaurin aure za mu ne ban sani ba?" Ban kula shi ba.

Ashe matakalar hasumiyar nan ƙunci gare ta, tana murɗawa tana murɗawa cikin duhu, mutum ɗaya take ɗauka, shi ma siriri. Rigata ta cika hanya bango da bango. In taka gaba, in taka bakin riga. In ɗaga riga, takalmi ya zame. A bayana mutane sun yi layi suna ta tari na ladabi, gaba kuma ba dama in juya. Daga ƙarshe na naɗe rigar nan na ɗora a wuya, na sa hannu a ƙasa na hau da rarrafe, Isufu yana biye da ni yana cewa, "Sannu Alhaji, a hankali Alhaji, ango ya kusa isa." Ina fitowa sarari kuwa iska ta yi sallama da hulata. Ina kallo ta yi sama, ta yi ƙasa, ta nufi ƙauye abinta.

Amma da na ɗaga kai na duba, wallahi na manta da hula. Gonaki kore shar har iyakar gani, kogi ya ratsa su, ga wata tsohuwar gada ta dutse mai bakuna uku, ga shanu jajaye suna kiwo ba makiyayi, ga ganuwar ƙauyen ta zagaye gidaje tsaf. Farnan ya fara bayanin dalilin da ya sa aka yi ginin a nan, na ce wa Isufu ya huta, wannan ba sai an fassara ba. Tudu don a hango mai zuwa, ruwa a kusa, hatsi da dabbobi a ciki. Dabarar kakanninmu ce sak, tsoro iri ɗaya ne ya koya musu. Na tsaya a wurin kaina ba hula ina ta dariya ni kaɗai, don daɗi. Ka hau, Abba, kome ƙuncin matakalar. Ka dai sa wando da 'yar shara da takalmi mai kama ƙasa. Babbar rigar da mahaifiyarka ta cusa maka a akwati ka bar ta sai Juma'a.

Hular nan ita ta jawo mini kunya ta gaba. Wani manomi ya tsince ta a shingensa ya kai gidan burodin ƙauyen, domin can kowa yake zuwa. Kafin in tashi daga Kano wani mai ganin ya san duniya ya ce mini Turawa ba sa gaisuwa, kowa harkarsa yake yi, in ka tsaya gaisuwa ma sai su ɗauka roƙo za ka yi. Na haɗiye wannan magana ban tauna ba. Na shiga gidan burodi, na hango hulata a rataye, na nuna ta da yatsa na nuna kaina. Mai gidan burodin wata dattijuwa ce mai jiki, ta harɗe hannuwa ta zuba mini ido. Na sake nunawa. Ko motsi. Isufu ya raɗa mini, "Kai, ba ka yi sallama ba." Innalillahi! Ni ɗan Tudun Kaya, inda ake tambayar gajiya da iyali da shanu da ruwan bara kafin a ari allura, ni ne Baturiya take koya wa gaisuwa. Na fita waje na sake shigowa, na gaishe ta da tasu, sannan na ɗora mata tamu tun daga ina kwana har ina labari, Isufu yana fassarawa yana share hawayen dariya. Ta sauko da hular ta kakkaɓe ta da kanta, ta ɗora mini a ka, ta ƙara mini da burodi mai zafi. Mutanen ƙauye ko'ina mutanen ƙauye ne. Gaisuwarsu gajera ce, amma in ka tsallake ta ba ka shiga ba. Ka gai da mai shago, ka gai da mai gadin kowane tsohon gini, ka gai da tsohon da ke zaune a bakin rijiya, domin sau da yawa shi ya san labarin da ba a rubuta a allon ƙofa ba.

Akwai wata wauta kuma da har gobe ba na nadamarta. An kai mu tsohuwar cocin garin, wadda suka ce ta girmi gidan sarkin yaƙin ma. Na tsaya a ƙofa ina jan ƙafa. Isufu ya ce, "Ba salla aka ce ka yi ba, gini aka ce ka gani." Na ce haka ne. Sai na yi abin da ƙafata ta saba yi a ƙofar kowane ɗakin ibada, na tuɓe takalmi na jera a gefe na shiga. Ciki sanyi ƙalau, shiru, rufin ya lanƙwaso ya haɗe a tsakiya kamar ɗaurin gugar zaurenmu, sai dai wannan sai ka ɗaga kai har wuyanka ya yi ƙara. Tagogin gilashi ne masu launi, rana tana ratsowa tana zuba ja da shuɗi a daɓe. Ina cikin kallo na ji taku a bayana, sumul-sumul, ba ƙarar takalmi. Ashe wata mota ce ta kawo baƙi tsofaffi daga wani gari, suka ga takalmi a jere a ƙofa, suka ɗauka sabuwar doka ce, kowa ya tuɓe nasa. Ga daɓen dutse kamar ƙanƙara, suna ta ɗage ƙafa, wani dattijo yana ɓoye babban yatsansa da ya leƙo ta hujin safa. Farnan ya fito ya ga takalma reras a ƙofar coci, ya yi dariya har sai da ya zauna a kan dakali.

Da azahar ta yi na sa Isufu ya tambaye shi inda za mu yi salla. Ya kai mu gindin wata bishiya a bayan ganuwa, ya koma nesa ya tsaya da sandarsa yana juya masu wucewa har muka sallame. Ka riƙe wannan. In ka shiga wurin ibadar mutane ka sassauta murya, kada ka nuna abu da yatsa kana dariya, kada ka ɗauki hoto sai ka tambaya. Sallarka kuma kada ka ji nauyin neman wurinta, ka tambaya kai tsaye. Ban taɓa tambaya an hana ni ba.

Yanzu ga wadda ta sa na ɗauki biro. Wata Asabar Farnan ya zagaya da mu ganuwar ƙauyen. Ya riƙa kama yatsana yana ɗorawa a kan wasu 'yan zane da aka sassaƙa a jikin duwatsu, wani kamar tauraro, wani kamar sawun kaza, wani kamar ƙotar fartanya. Ya ce kowane magini da alamarsa, da ita ake gane dutsen da ya sassaƙa. Alamun suna nan, amma sunan mutum ɗaya daga cikinsu ba wanda ya sani. Sai ya juyo ya tambaye ni, "Ku a garinku wane tsohon gini kuke da shi?"

Ka san abin da ubanka ya ce? Na ce babu. Na ce mu duk sababbi ne, na shiga ba shi labarin dogayen benayen Kano da siminti da kwanon rufi. Isufu ya ce da Hausa, "Wannan kam ba ni fassara ta." Na ce sai ka fassara. Ya fassara. Tsohon ya ɗan ɗaga kafaɗa ya ce ayya, irin ayyar da ake yi wa maraya. A mota Isufu bai bar ni na sha iska ba. "Malam Sale, kai da kake shiga Kano ta ƙofar ganuwa, kai da ka ce mini a zauren gidanku aka yi maka sunan fari, yau kai ne ba ku da komai?" Kunya ce ta sa ni, ba wani abu ba. Na ga nasu dutse ne namu ƙasa, sai na ɗauka ƙasa ba abin faɗa ba ce a gaban baƙo. Za su yi maka wannan tambayar, Abba, sai sun yi. Ka shirya amsarka tun daga jirgi.

Allah da ikonSa, hannuna ne ya tona ni. Dab da za mu taho wani ɓangare na ganuwar ya zube kusa da ƙaramar ƙofar da ke kallon kogi. Ranar Asabar sai ga garin duk ya fito, mai gidan burodi, da manomin da ya tsinci hulata, da mai raba wasiƙu, da Farnan da sandarsa yana ba da umarnin da ba wanda yake bi. An kafa tebur an jera burodi da cuku. Na ce, "Isufu, gayya ce wannan! Ganga ce kawai babu." Na ga suna ta lallaɓa kwaɓin da ɗan cokalin gini, a lakato kaɗan a shafa, a ja da baya a duba. Na ce waɗannan sai su shekara a nan. Na tuɓe riga, na zura hannu biyu cikin kwaɓin, na damƙo, na maka a bango, na bi da tafi na murje kamar yadda kakanka ya koya mini. Na sake damƙowa na sake makawa. Kafin su farga na cike wuri mai faɗi, har wasu sun fara tafi.

Sai na hango Farnan ya yar da sanda ya sheƙo a guje yana ihu. Ban gane ihun ba, amma hannuwana sun gane. Kwaɓin nasu ba irin namu ba ne. Farar ƙasa ce toyayya suke haɗawa da yashi, tana cin fata, shi ya sa ba mai taɓa ta sai da cokali. Hannuna ya ɗau raɗaɗi kamar na tsoma shi a dakakken barkono. Mai gidan burodi ta ja ni ta wanke mini da ruwa, ta kwarara mini wani ruwan tsami da suke zubawa a ganye, ta naɗe da tsumma, tana ta yi mini faɗa da yarensu kamar ɗan cikinta. Kwana da kwanaki Isufu yake ba ni abinci a baki, kowace loma da baƙar maganarta. In ka ga ana aiki ka shiga, wannan ban hana ka ba, daɗinsa ma ya fi na kallo. Amma ka tambaya me aka zuba a kwaɓin kafin ka zura hannu.

Ina zaune a gindin ganuwa da hannuwa a naɗe, Farnan ya zo ya tsuguna ya ce me ya kai ni. Na ce mu da hannu muke yi. Ya ce ku su wa, ba ka ce ba ku da tsohon gini ba? Nan fa bakina ya buɗe. Na ba shi labarin zauren nan, yadda mahaifina ya buga tubalinsa, ya ɗauko azararsa a kan jaki daga Rogo Ruma, ya ɗaure rufinsa ba ƙusa ko ɗaya. Na gaya masa yadda duk bazara ake haƙo jar ƙasa a kwaɓa ta da ciyawa a bar ta ta tsumu, 'yan'uwa su taru a yaɓe, mata su dama fura. Na gaya masa a saman ƙofa daga ciki akwai shatin tafin hannun mahaifina, wanda ya danna ranar da ya gama ginin, kuma kowace shekara yaɓe yana zuwa ya zagaye wurin ya wuce.

Tsohon ya ce, "Ka san sunan maginin?" Na faɗa masa sunan, wanda kake ɗauke da shi. Ya maimaita shi a karkace, ya cire hularsa ya riƙe. Ya ce su da za su samu sunan mutum ɗaya daga masu alamun nan, da garin ya yi biki. Na ce ai namu yaro ne, ko shekara ɗari bai yi ba. Ya bugi ganuwar da tafin hannu ya ce ita ma akwai ranar da shekarunta ba su wuce na zaurenmu ba, kuma a ranar akwai ɗan wani da ya tsaya ya dube ta yana tunanin ko ya ture. Muna cikin haka wani ya ɗauko cokali zai goge sawun yatsuna da suka fito a wurin da na yaɓa. Farnan ya tare shi da sanda ya ce a bar shi, maginin wannan wurin an san sunansa.

Saboda haka akwai hannun Tudun Kaya a bangon Faransa. In ka shiga ta ƙaramar ƙofar kogi, ka dubi hagunka, daidai ƙirjin mutum. Don Allah ka je ka dubo mini ko yana nan. In Farnan yana da rai ka gaishe shi, in ya riga mu ka gai da duk wanda ka samu a gidan burodi, ka ce ɗan mai hula ne.

Ban ce duk tsohon abu sai an ajiye shi ba. Za ka ga cikin gidajen dutsen nan sun ja lantarki sun sa famfo, ba wanda yake zaman wahala don tarihi. Son get ɗin mota ma ba laifi ba ne, ni ma ina so in ga ka shigo da mota kafin in mutu, in zauna a gaba in sa hannu a taga. Ta yamma, wajen bishiyar ɗorawa, akwai filin da mota za ta shige har ta juya. Na faɗa ne kawai, ban ce komai ba.

Saura abu ɗaya da ba ka sani ba. Hannu biyu ne a zauren nan, ba ɗaya ba. Na biyun yana bayan ƙyaure, can ƙasa, inda ake jingine buhunan gyaɗa, shi ya sa ba ka taɓa lura ba, ga shi kuma duk lokacin yaɓe kana makaranta. Wata bazara kana ɗan tatata, ka suɓuce wa mahaifiyarka ka shigo ana aiki, ka danna hannunka a ɗanyen yaɓe ka tsaya kana ƙyalƙyala dariya. Na ɗaga hannu zan shafe. Kakanka yana zaune a kan buzunsa ya daka mini tsawa, "Kul! Takwarana ya sa hannu a aikinsa, wa ya isa ya goge?" Tun daga ranar nake zagaye wurin. Duk shekara sai na kawar da buhuna na durƙusa na bi gefen 'yan yatsun nan da ɗan yatsana, har yanzu wurin ya zurma ciki saboda kaurin yaɓen da ya taru a kewayensa. Ban faɗa maka a gaban Baffanka ba don kada a ce na ci ka da hawaye. Yanzu ma ba don in ɗaure ka na faɗa ba. To, ƙarya ba kyau, don in ɗan ɗaure ka ne.

Ka zagaya, ka more idonka, ka ci burodinsu da zafinsa, ka yi wautarka kai ma don ka samu abin ba 'ya'yanka labari. In ka gama gani ka aiko mana da kaset, mahaifiyarka ta ce muryarka take so ba takarda ba. A ciki ka faɗi kalma ɗaya game da zaure, duk wadda ka faɗa ita za a yi, kuma albarkata tana tare da kai ko wacce ce. Na sa an haƙo jar ƙasar an tara a gefen bulonka, suna nan kafaɗa da kafaɗa. Ban zuba mata ruwa ba, domin na yi maka alkawari.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, da ƙannenka, da Baffanka Iro. Allah Ya kiyaye hanya, Ya raba ka da sharrin baƙunta, Ya tsare maka sallarka da lafiyarka. Allah Ya dawo mini da hannun nan gida lafiya, in kama shi in gwada a kan ƙaramin, in ga iyakar abin da Allah Ya yi mini. Amin summa amin.

Ni ne mahaifinka,
Sale.